Garar Auta

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na yi shiru, ku sassauta min. Ni da fari ya kashe mana shanu ina tsaye, kwalara ta share unguwarmu ta tsallake ni, ba saƙonku ne zai sa ni gudu ba. Ban taɓa zama kan bencin makaranta ba, amma babu kanal ɗin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure da ban auna zurfinsa da ƙafata ba. In na ce muku ruwa ya yi kaza, ku karɓa kawai. Mu koma wajen Baballe.

*

Asabar ɗin nan a gidan Baballe zama ya faɗo.

Al'adarsu ce, shi da aminansa biyu, Maharazu mai fataucin shinkafa da Gidaɗo mai noman tumatir. Kowace Asabar gidan ɗaya ake haɗuwa, a ci, a sha, a yi wa juna tsiya. In an ƙoshi su hau akori-kurar Maharazu su fita shan iska, wata rana Garun Mallam cin tsire, wata rana duk inda taya ta nufa.

Saude, matar Baballe, ta yi bajinta. Waina ce mai zafi da miyar taushe, ga kunun gyaɗa, ga zoɓo da ƙanƙara yana ta gumi a jikin kwano. Har sabuwar tabarma aka shimfiɗa a zaure.

Amma mai gidan ko loma bai kai ba.

Hankalinsa na gona. Gonar Baballe ita ce ta wutsiya, ta ƙarshe a ƙaramin kanal ɗinsu. Sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan abin da ya rage ya gangaro masa, bana kuwa babu abin da ke ragewa. Zafin bazara ya sa kowa ya zura tiyon jan ruwa ya ƙi cirewa, ciyawar kacalla kuma ta cushe hanyar. Shinkafarsa ta ɗauki ciki, daidai lokacin da in ta rasa ruwa sai ta fitar da kai babu ƙwaya. Ƙasa ta tsattsage har hannu na shiga. In makon nan ya wuce a haka, sai dai a kira masu shanu su cinye.

Shinkafar nan kuwa ba ta ci ba ce, ba ta sayarwa ba. Garar Sumayya ce, autarsa, wadda za a ɗaura wa aure da Abdurra'uf ɗan Malam Mukhtari da an gama girbi.

Maharazu ya suɗe yatsa.

"To, uban amarya ya ƙi ci. Mu dai mu yi abin da ya tara mu. Gidaɗo, me za mu ba 'yar nan?"

"Kai ne mai dabara."

"Firji."

Gidaɗo ya kusa ƙwarewa da kunu.

"Firji? Da wace wutar? Wadda ke leƙowa ta gaishe mu ta koma? Sai dai ta riƙa ajiye takalman miji a ciki."

"To keken ɗinki."

"Yarinyar da ko maɓalli ya tsinke sai ta kai wa uwarta?"

"To kai kawo naka, Bafillace."

"Karsana."

"A ɗaure ta ina? A ƙafar gadon amarya?"

Suka bushe da dariya. Baballe ko motsi bai yi ba.

Maharazu ya saci kallonsa, ya rage murya.

"Ko kuma, akwai wata shinkafa a sitona, sabuwar casa, fara ƙal..."

Baballe ya dire kofi.

"Maharazu."

"Na'am."

"A zauren wa kake?"

"Naka."

"To kada ka ƙarasa."



"Duk 'ya'yana mata da na aurar, wacce ce aka kai wa garar saye?" in ji Baballe. "Daga gonata ta fito, da gumina. A ƙofar masallaci na faɗa, jama'a na ji, ƙwaya ɗaya ta saye ko ta kyauta ba za ta shiga buhun Auta ba. Gidan malamai za ta. So kuke a buɗe buhu a ce wannan ta Maharazu ce?"

"Wa zai sani?"

"Ni."

Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Ya janyo fartanyarsa daga bayan ƙofa.

"Ku ci ku ƙoshi, gidanku ne. Ni kanal zan bi. Duk tiyon da na tarar sai na fizge shi, duk mai ja da ni mu daku."

"Da wannan gwiwar?" in ji Gidaɗo. "Zauna, dattijo. Yau dam ɗin Tiga za mu."

"Tiga? Gonata na ƙonewa ku ce Tiga?"

Duk yawon da suke yi, Baballe bai taɓa yarda an nufi can ba. Tun yana saurayi yake noma da ruwan Tiga, amma cewa yake me zai gani, ruwa ai ruwa ne.

Muryar Saude ta fito daga bayan labule.

"Maigida, ka bi su mana. Na riga na zuba sauran wainar a kula."

"Ke ma?"

"Faɗa da zafin ranar nan ba naka ba ne."

Maharazu ya zare fartanyar daga hannunsa a hankali.

"Kai da za ka yi faɗa a kan ruwa, ba ka je ka ga inda yake kwana ba? Ka gan shi tukuna, ka san abin da aka hana ka. Mu dawo, ni da kaina zan riƙe maka riga ka yi dambe."

Wannan ce ta kama shi. Ya shiga ciki ya zura farar babbar rigarsa, wai kada ruwan ya raina shi.

*

Da suka isa, Maharazu ya tsayar da mota, suka hau tudun dam ɗin da ƙafa. Baballe na gaba yana ta mita.

Sai mitar ta yanke.

Ruwa ne ya kwanta tun daga gabansa har inda ido ya gaji. Ya nemi ɗaya gaɓar ya rasa. Can nesa sama da ruwa sun haɗe, babu mai cewa ga inda ɗaya ya ƙare. Kwalekwalen masunta kamar ɓawon gyaɗa a tsakar fili. Duwatsu sun leƙo daga ciki, balbelu sun rufe su fari fat. Wata iska mai sanyi ta taso ta shiga rigarsa, a tsakiyar bazara, rana na tsaka.

Bai san lokacin da ya cire hula ba.

"Subhanallahi."

Ya daɗe a tsaye.

"Gidaɗo."

"Na'am."

"Wannan duk ruwa ne?"

"A'a, kunu ne."

Baballe bai ji tsiyar ba. Ni da nake ba ku labarin nan na ga ambaliyar da ta ɗauke rumbuna da awaki, ban girgiza ba, amma duk manomin rani da ya tsaya a wurin nan karon farko sai bakinsa ya mutu.

Suka ja shi zuwa inda ruwan ke fita. Tun kafin su ƙarasa ƙasa ke rawa a ƙarƙashin takalminsa. Ruwa na tunkuɗo kansa da ruri, fari kamar auduga, feshinsa na jiƙa gemu. Sai da Baballe ya ɗaga murya sannan aka ji shi.

"Wannan ne ke zuwa wajenmu?"

"Shi ne!"

"Kullum haka yake?"

"Kullum!"

Ya durƙusa inda ruwan ya lafa, ya ɗiba da tafi biyu. Sanyi ƙalau. Ya yi alwala da shi a hankali, kamar mai tsoron ɓata shi. Suka yi azahar a gindin wata bishiya, Maharazu ya sayo soyayyen kifi wajen matan masunta, aka buɗe kula.

Baballe ya ɗauki kifi, ya kalle shi, ya mayar.

"Duk wannan," in ji shi, idonsa na kan ruwan. "Ya taso tun daga nan. Ya wuce gari ya wuce ƙauye, bai gaji ba. Sai da ya hango gonata sannan ya ƙare."

Ya nuna balbelun da ke kan duwatsu.

"Abin da nake nema, tsuntsayen can sun fi shi sha a yini."

"Ci kifi, Baballe."

"Ba zan ci ba. Kai Gidaɗo, gonarka ina take? Ba a samana ba? Kai Maharazu, ta ƙaninka fa? Tiyonku na cikin masu shanye ni. Kun zauna a zaurena kuna firji, kuna karsana, kun kawo ni nan ku nuna min abin da ba zan samu ba. Wannan ce amintar?"

Gidaɗo ya sunkuyar da kai yana cire ƙaya.

"Magana nake!"

Wayar Maharazu ta yi ƙara. Ya ɗan juya baya.

"Na'am... Ya kai ina?... Har ya wuce kwalbati?... Alhamdulillahi. To mun taso."

"Wane ne ya wuce kwalbati?"

"Wani baƙo ne. Naɗe tabarma, Gidaɗo."

*

A dawowa Maharazu bai bi titi ba. Ya karya ta hanyar ƙasa da ke bin gefen ƙaramin kanal ɗinsu, tun daga kansa.

Baballe na gaba, kusa da taga. Da farko bai lura ba. Sai da suka wuce gona ta farko.

Mai gonar na zaune a kan gaɓa, tiyonsa a naɗe a gefe, a bushe.

Gona ta biyu haka. Ta uku haka.

Ya leƙa da kyau. Tun daga nan har inda hanya ta lanƙwasa, mutane ne jere a bakin kanal, wasu a zaune, wasu a tsaye da tiyo a kafaɗa. Babu inji ko ɗaya da ke kuka. Ruwa cike da kanal, yana tafiya abinsa, babu mai taɓa shi. A gefe kuma kacalla ce tsibi-tsibi, sabuwar sara, har yanzu tana ɗiga.

Tun da aka haƙa kanal ɗin nan Baballe bai taɓa ganin haka ba. A bazara, mutum ya ga ruwa na wuce gonarsa ya naɗe hannu?

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Babu," in ji Maharazu.

"To me ya sami mutanen nan?"

Suka zo daidai gonar Ɗanbaba, wanda bara suka kusa sare juna da shi a kan ruwa. Ɗanbaba ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu.

"Uban amarya! Allah ya sanya alheri!"

Na gabansa ma ya ɗauka.

"Allah ya ba da zaman lafiya, Baba Baballe!"

Baballe ya juyo a hankali ya dubi Maharazu.

"Tsaya."

"Ba na tsayawa."

"Na ce ka tsaya!"

"Ga firjin nan kana gani," in ji Maharazu, idonsa na kan hanya. "Ga karsanar. Gudummawarmu ke nan, mu da duk mai gona a layin nan. Daga hantsi zuwa kiran la'asar babu mai shan ɗigo. Da an kira salla kowa ya mayar da tiyonsa."

"Na ce ba na karɓar..."

Gidaɗo ya leƙo ta tagar baya.

"Me muka ba ka? Tiyona ne, na ga dama na cire. Ko shi ma sai na nemi izininka?"

Mota na tafiya, ruwa na tafiya a gefensu, kamar tare suka taso daga Tiga. Ruwan ya wuce kwalbatin da ya saba maƙalewa. Ya wuce inda jiya ƙasa ce busasshiya da kashin awaki.

Sai kuma wani tunani ya sari Baballe.

"Maharazu, ni na san ku. Ku biyun nan ba ku isa ku sa Ɗanbaba ya cire tiyo ba. Ko hakimi sai ya yi da gaske. Wa ya sa su?"

Maharazu ya ƙara wuta.

"Wa ya sa su, na ce?"

"Ga gonarka nan. Sauka ka gani."

*

A bakin gonar akwai mutum ɗaya a cikin kanal, ruwa har cinya. Ya naɗe wando, ya ɗaure riga a ƙugu, yana jan ragowar kacalla da shebur yana wurgawa gaɓa. Laka ta ɓata shi har gemu. A kan wani dutse an ajiye rawani a ninke, da carbi a kai.

Baballe ya kalli rawanin. Ya kalli mutumin.



Malam Mukhtari ne. Uban ango.

Malam da ya karantar da rabin garin nan. Malam da ake cire takalmi tun daga ƙofar zaurensa. Tun ranar da aka sa ranar auren nan Baballe bai ƙara haɗa ido da shi ba, in ya hango shi a hanya sai ya sake lungu, don kunya. Ko da Malam ya aiko a tambayi lafiyar gona, cewa ya yi a gaya masa shinkafa sai godiya.

Yau ga Malam tsamo-tsamo a bakin gonar, yana kallon tsagar ƙasa da idonsa.

Baballe ya zare takalmi, ya durƙusa a kan gaɓa, ya kau da kai gefe.

"Malam, ina wuni."

"Lafiya lau, Malam Baballe. Ya iyali?"

"Lafiya."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya shirye-shirye?"

Baballe ya ƙara sunkuyar da kai.

Gidaɗo ya matso kusa da kunnensa.

"Gida-gida ya bi su. Shi da ƙafarsa. Wa zai ce masa a'a? Da hantsi kuma ya riga kowa shiga ruwan. Mun ce ya fito ya ƙi."

Malam ya dogara da shebur yana haki. Ya nuna gabansa.

Sai a lokacin Baballe ya gani. Ruwan bai shiga gonar ba. Ya zo har bakinta ya tsaya. Ɗan tudun lakar da ke toshe mashigar yana nan yadda Baballe ya bar shi. Ruwa ya taru a bayansa, ya cika fal, yana lasar baki. Wannan gefen ruwa, wancan gefen shinkafa ta naɗe ganye kamar tsinke.

"Na rako shi har nan na tsaya," in ji Malam. "Ban fasa ba, don ba ni da izini. Gonarka ce."

Ya miƙo shebur.

Baballe bai karɓa ba.

"Malam, na yi magana a gaban mutane."

"Ta zo kunnena."

"Na ce babu na saye, babu na kyauta."

"Shinkafa ka ce. Ka ga ƙwaya a hannuna?"

"Malam..."

"An ce min daga Tiga kake. Ka gan shi da idonka. Faɗa min, akwai mahaluƙin da zai tsaya a gabansa ya ce nasa ne, har ya yi kyauta da shi?"

Har yanzu rurin Tiga na cikin kunnen Baballe.

Amma wani abu na cin sa a ƙirji, ya fi ƙishin gonar zafi. Ya juya ga aminansa.

"Wa ya kai maganar gonata gidan surukaina?"

Maharazu ya ɗaga hannu. "Wallahi ba ni ba ne. Mu ma kiranmu aka yi."

"Gidaɗo?"

"In ni ne kada in ga tumatir ɗin baɗi."

"To wane ne? Wa ya tsiraita ni?"

"Ni ce."

Daga gindin mangwaron da ke kan iyaka muryar ta fito. Saude ce, lulluɓe da mayafi, ƙafarta duk ƙura. Da ƙafa ta zo.

Baballe ya miƙe tsaye.

"Ke?"

"Ni. Na je wajen Ummul-Khairi, matar Malam, na zauna na faɗa mata komai. Yadda ƙasa ta tsage, yadda ka daina cin abinci, da maganar da ka yi a masallaci."

"Saude, a gidan surukai?"

"Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa fitar da maganar ɗakinka ba, ka sani. Wannan na fitar, kuma da sanina."

"Kin san abin da kika yi min?"

"Na sani. Fartanya ka wasa jiya, ina kallo. Da ka fita da ita yau, ko a ɗauko ka ko a kama ka. Auta ta shiga ɗakin miji ubanta na kwance?"

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Buɗe ruwan, Maigida. In mun koma gida ka yi min duk hukuncin da ka ga dama."

Daga can cikin gari lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ne ke hura ta, yana gwadawa.

Maharazu ya dubi rana. "Baballe, lokaci."

"Gonar nan in an fasa yanzu za ta sha kafin ruwan ya ja baya," in ji Gidaɗo. "In ka tsaya, shi ke nan. Ba za su sake ba, su ma tasu na jira."

Shebur na nan a miƙe a hannun Malam.

Baballe ya dubi shebur ɗin. Ya dubi Saude. Ya dubi shinkafar da ya dasa da hannunsa, layi-layi, yana lissafa buhunan Auta a zuci.

Ya wuce shebur ɗin.

Da farar babbar rigarsa ya faɗa cikin kanal. Ruwa ya kama shi har ƙugu, rigar ta buɗe a kansa kamar laima. Ya durƙusa gaban tudun, ya nutsa yatsu goma cikin laka.

"Bismillahi."

Ya fizgo.

Ruwa ya kutsa.

Jama'a, ƙasa na da murya. Wanda bai yi noman rani ba zai ce ƙarya nake. Ruwan na shiga tsagar farko sai ta ɗauki tsuwa, tana zuƙa, tana kumfa, kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Tsaga ta cika ta miƙa wa ta gaba. Gyare da cinnaku suka yi ta fitowa suna hawa kara. Wani ƙamshi ya tashi, irin na ruwan farko, alhali ko gajimare babu a sama. Ruwan ya bi fangali ya cika shi, ya tsallaka na biyu, ya bazu, rana na walƙiya a kansa, har gonar da ɗazu take toka-toka ta koma madubi.

Ladan ya ɗaga murya.

Babu wanda ya motsa. Mutanen da ke kusa sun gangaro da tiyonsu a kafaɗa, sun tsaya a gaɓa suna kallo, har da Ɗanbaba. Babu mai gaggawar komawa. Balbela ɗaya ta sauka a tsakiyar gonar, wata ta biyo ta.

Baballe na durƙushe cikin ruwa, hannunsa a cikin mashigar, yana jin sa yana wucewa ta tsakanin yatsunsa. Sanyin nan ne dai na Tiga. Leɓensa na motsi, ba a jin me yake faɗa.

Sai da ruwa ya taɓa kusurwar ƙarshe sannan Malam ya sauke numfashi.

"Alhamdulillahi. Ta rayu."

"Ta rayu," in ji Gidaɗo.

Maharazu ya yi dariya yana goge ido. "To uban amarya, a fara neman buhu!"

Baballe ya miƙe a hankali. Rigar ta manne masa, laka har wuya. Ya juyo. Karon farko tun da aka sa ranar auren, ya ɗaga kai ya dubi Malam Mukhtari ido cikin ido.

"Malam."

"Na'am."

"Na gode. Har in mutu ina godiya."

"Allah ne abin godiya."

"Amma gara, abin da uban yarinya ya noma ne yake kai wa gidan miji. Wannan kuwa ta sha guminka, ga shi nan a gemunka ina gani."

Dariyar Maharazu ta ɗauke.

"Baballe, me kake shirin faɗa?"

Baballe bai kalle shi ba.

"Za ta nuna, zan yanke ta, zan casa. Amma ƙwaya ɗaya daga cikinta ba za ta shiga gidanka ba."

Saude ta zame ta zauna a ƙasa.